Ƙuri'ar Hosea Pruitt

Ranar Talata, 16 ga Afrilu, 1861, da hantsi, matarka Drusilla ta aiko mini cewa ka cika, Hosea Pruitt. Ciwon ƙirji aka ce, amma na san ba shi kaɗai ba ne.

Shekara ashirin muna jam'iyyar Wig tare a nan jihar Kentaki ta Amurka. Kai ke da injin niƙan garinmu, kai ke gasa naman taro, kana cika wa 'yan adawa faranti fiye da namu. In na yi ƙorafi ka ce, "Bar su su ƙoshi, Barnabas, ko sa rage ihu." Shekarar da ambaliya ta cinye masarata ka aiko mini da buhu biyu na gari, wai ɓeraye sun dame ka.

Sai maganar bautar da bayi ta shigo, ko a kai ta sababbin yankuna ko a hana. Jam'iyyarmu ta dare biyu, ta mutu. Ni ina da bayi uku, na bi masu bayi. Kai ka ce ba da kai ba.

A nan mutum kan tsaya ƙofar kotu ya faɗi wanda ya zaɓa da ƙarfi, magatakarda ya rubuta. A zaɓen shugaban ƙasa na Nuwamban bara ni ne magatakarda. Ka faɗi sunan ɗan takarar masu ƙin bauta, kai kaɗai cikin mutum ɗari huɗu. Na yi kamar ban ji ba, ko ka canja.

"Ka ji ni sarai, tsohon kurma," ka ce. "Rubuta."

Na rubuta. Daga ranar ba wanda ya sake kai maka niƙa, a coci ma aka bar muku bencinku ku kaɗai. Sau biyu ka aiko kirana kana kwance, na ce gobe, don kar a ga dokina a ƙofarka.

Ga yaƙin basasar da ka yi ta faɗa ya ɓarke, ban kuwa ga ƙarshensa ba. Gobe za a binne ka. Mutum shida ke ɗaukar akwati, Drusilla huɗu ta samu. Zan je in kama, ko da yake na makara.

Allah Ya jiƙan ka, Ya sa ka huta. Drusilla, ke da 'ya'yanki Silas da Lavinia, Allah Ya ba ku haƙuri. Ni kuwa yafiyar da nake nema tana bakinka, Hosea, an kuma riga an rufe shi.