Tekun Bodinga da Rumbun Inna

Duk lokacin da sanyi ya shigo na ji ƙanshin gyaɗa a cikin toka, sai zuciyata ta koma Lambara, tsakar gidan kakata. Inna muke ce mata, mu da iyayenmu duka. Mahaifina malamin asibiti ne a Bodinga, can muke zaune, amma da an ba da hutu sai a saka ni mota a kai ni wurinta. Bayan an ci tuwo takan tara karan dawa a ƙofar ɗakinta ta hura wuta, mu jikoki mu kewaye ta, kowa ya ja zane ya rufe gwiwa. Ta binne gyaɗa a toka, ta ɗauko tsinken da take tona wuta da shi, wanda kuma da shi take zungurar duk wanda ya fara gyangyaɗi.

Shekarar da nake aji shida ita ce ba na mantawa. Ƙarshen mulkin farar hula ne, abubuwa sun tsuke. Sabulu sai an bi layi, kananzir ya yi wuya, damina kuma ba ta yi kyau ba. A makaranta an daina raba littattafai, mu huɗu muke leƙa littafin Turanci ɗaya a benci. Ni ko a jikina, don na haddace shi. Yadda muka saba a makarantar allo haka na yi masa: in biya, in sake biyawa, ina rangaji, har ya zauna daram. In baƙo ya zo makaranta ni ake tayarwa in yi karatu, murya tar, babu tuntuɓe. Insha'i ma haka ne, malami ya rubuta a allo, mu kwafa, mu haddace. Kaina ya kumbura sosai, har Baturiya ake kirana, ni kuma ina amsawa babu kunya.

Sai aka kawo mana sabuwar malama, Malama Asabe. Gab da hutu ta ce kowa ya rubuta insha'i a kan garinsu. Ai ina da shi a ka, na zuba shi tas na miƙa kafin kowa. Washegari ta kira ni gaban aji.

"Hadiza, ke 'yar ina ce?"

Na ce Bodinga.

"To, ina tekun naku yake? Bayan kasuwa ko wajen tasha?"

Ashe abin da na haddace labarin wani gari ne na bakin teku, da jiragen ruwa da itatuwan kwakwa, ni kuwa ban ma san abin da na rubuta ke nan ba. Aji ya kwashe da dariya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da aka tashi ta riƙe ni, ta ce jarrabawar shiga sakandare saura 'yan watanni, kuma abin da za a kawo ban taɓa ganinsa ba, balle in haddace. Ta ara mini wani ɗan siririn littafin labarai ta ce in tafi da shi hutu. A gida kuma Baba ya gaya mini gaskiya: hali ya yi tsanani, in na faɗi babu maimaita aji, karatuna ya tsaya nan ke nan.

Duk da haka ban daddara ba. Ranar da na sauka Lambara na fito da littafin a bakin wuta don in burge 'yan uwana. Inna ta ce, "To, Baturiya, karanta muna mu ji." Na gyara zama na zuba shafi guda cur. Yara suka saki baki. Inna ta tono gyaɗa ɗaya ta ɓare, ta hura, sannan ta dube ni.

"Daɗin murya kam akwai. To, mi yac ce?"

Na ce akwai yaro a ciki, da kare.

"Yaron mi yay yi? Karen nashi na, ko biyo shi yay yi?"

Ban sani ba. Hawaye suka cika mini ido, na ɗora laifin a kan hayaƙi. Inna ba ta yi dariya ba, ta ma zunguri wanda ya fara. Ta tura kara cikin wuta ta ce, yadda ta saba buɗewa, "Ga wata nan tahe, ku ba ta wuri." Muka ce, "Mun ba ta, ta zauna."

Ta ce an yi wata mata da ta gaji rumbu daga uwarta, cike da damman gero, an liƙe bakinsa da laka. Matar nan tana son rumbun nan kamar ranta. Kowace shekara sai ta sake masa yaɓe, ta yi masa zane da farar ƙasa, har matafiya na tsayawa kallo. Kowa ya yaba sai ta ce, "Ai ba ku ga cikinsa ba." Ita ma kuwa ba ta taɓa gani ba. Aka shiga shekarar yunwa. Maƙwabciyarta mai ɗan karkataccen rumbu kullum tana ciro dami, ta sussuka, ta sheƙe, ta daka, 'ya'yanta su sha kunu. Ita kuwa mai rumbun ado tana tsoron ta fasa bakin ta ɓata zanen, sai ta zauna a inuwarsa tana tafasa ganye. Sai da yunwa ta ci ƙarfinta sannan ta sa gatari. Ta leƙa ta tarar gara ta riga ta, babu komai sai ƙasa da sandunan zangarniya.

Inna ta karkaɗe hannu ta ce, "Nan tat tsaya, wanda yaj ji ya ji." Ba ta kalle ni ba, amma kowa ya san inda aka dosa.

Akwai wata ƙa'ida a bakin wutar Inna: tatsuniya ba a cin ta kyauta. Wanda ya ji yau, gobe zai maido ta da bakinsa, kuma in ka maimaita kalmominta ɗaya bayan ɗaya sai ta ce ba ta karɓa ba, nata ka dawo mata da shi. Ni sai ta canza mini. Ta ce, "Ke naki biyan daban na. Kullum shahi guda na littahin nan, da Hausa, yadda ni tsohuwa zan gane."

Wahalar da na sha Allah kaɗai ya sani. Da rana, mata na can suna daka, ni ina gindin darbejiya da littafin da wani tsohon ƙamus na Baba da bangonsa ya cire. Kalma ɗaya sai ta cinye mini rabin hantsi. Da yamma in kawo ɗan abin da na samu, Inna ta yi ta yi mini tambaya kamar alƙali. Don me yaron ya gudu daga gida? Uwarsa tana ina? In na ce littafin bai faɗa ba, sai ta ce in koma in duba da kyau, marubucin ba mahaukaci ba ne. Sau da yawa kuwa yana nan, ni ce na tsallake. Wata rana na zo wurin da karen ya mutu, tausayinsa ya kama ni tun kafin in fassara. Ranar ce farko da Turanci ya taɓa mini zuciya. Inna ta ce, "Yawwa. Yanzu kin hwasa bakin rumbu."

Kafin hutu ya ƙare na juya abin, na fara rubuta tatsuniyarta da Turanci a bayan littafin lissafi. Jimlolina gajeru ne, karkatattu, cike da kurakurai, amma na san abin da kowacce take ɗauke da shi. Ranar jarrabawa aka ce mu rubuta a kan wurin da muka fi so. Na rubuta ƙofar ɗakin Inna, da karan dawa, da gyaɗa a toka, da warin albasa da ke tasowa daga fadama. Ban sa teku ba. Da sakamako ya fito, sunana yana ciki.

Ina aji uku a sakandare aka buga tatsuniyar rumbun a mujallar makaranta. Na kai wa Inna, lokacin idonta ya fara dushewa. Ta shafa takardar, ta sa na karanta mata da Turancin tun daga farko har ƙarshe, sannan ta yi tambayarta ta kullum. Na faɗa mata da Hausa. Ta ce, "Wagga ai tawa ta. Kin ɓata ta kaɗan, amma na karɓa." Damina biyu bayan nan ta rasu.

Yau shekaruna sun kusa kai nata na wancan lokaci, kuma Turancin nan shi na koyar har na yi ritaya. Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar a kan lalaci ce. Sai da na ga ɗaruruwan yara irina sannan na gane a kan tsoro ce: tsoron ka buɗe baki ka yi kuskure a harshen da ba a haife ka da shi ba, har ka gwammace ka yi ta ado da maganar wani. Ina kewar Inna ƙwarai. Ko baƙi ɗaya na boko ba ta sani ba, amma har gobe in na rubuta jimla ta yi mini daɗi a kunne, sai in ajiye alƙalami in jira. Nakan ji ta tana ɓare gyaɗa, tana cewa, "To, mi yac ce?"