Sawun da Ba Ya Ɗaukuwa

Kakarmu Zali ba ta ba da tatsuniya kyauta. Wanda bai tsinto ko ƙirare biyu ba, to ya zauna can baya inda ɗumin wuta ba ya kai, sanyi ya koya masa hankali. A Bengu muke lokacin, cikin giginya da gonakin rake, amma ita ɗiyar masunta ce daga bakin kogin Kwara, aure ne ya hawo da ita tudu. Har ta rasu ba ta daina mitar cewa garin da ba a jin motsin ruwa kango ne ba.

Lokacin ɗari, da an sallame isha'i, sai ta hura wuta a ƙofar ɗakinta, ta binne dankali cikin toka, ta ajiye ƙwaryar dafaffen muruci tsakanin ƙafafunta don kada a yi mata ɓarna. Mai ɓarnar kuwa mutum ɗaya ne, ƙanena Isufu, wanda take kira maigida saboda wasan jika da kaka. Yaron nan baki gare shi kamar reza, kuma hannunsa ba ya zama wuri ɗaya.

"Ga ta nan tahe," in ji Kaka, "wa za shi tarbe ta?"

Mu ce, "Mu ne, ta zo mu ji ta!"

Tana da na Gizo da na kura masu sa mu birgima don dariya. Amma akwai wata guda da takan ɗauko in sanyi ya tsananta, kuma in za ta fara sai ta daina kallonmu, ta koma kallon wuta.

Wai wasu ƴan mata ne biyu, ya da ƙanwa, a ƙauyen masunta. In rani ya yi, ruwa ya janye, tsibirin yashi kan fito a tsakiyar kogi, can suke zuwa wanki. Wata rana ruwa ya ja musu ƙwarya, ƙaramar ta bi ta, ta zurma, ba ta sake fitowa ba. Maza suka fita da jirage suka yi nema har suka gaji, ko ɗankwalinta ba a gani ba. Abin da ya rage kawai sawun ƙafarta guda a kan jiƙaƙƙen yashi, har da ɗan yatsanta da ya karkace.

Babbar ta kifa akushi a kan sawun don kada iska ta share. Kullum da safe sai ta haye, ta buɗe, ta gaishe shi, ta ba shi labarin gida: akuya ta haihu, Inna ta yi faɗa. Mutane suka ce ta zautu, ba ta kula su ba. Ana nan damina ta kawo kai, ruwa ya fara hawa.

Ta ruga wurin sarkin ruwa. Ya ce, "Yarinya, ni kifi nika kamawa, ban hana kogi cika." Ta je wurin maƙeri ya ƙera mata faranti don ta zura ƙarƙashi ta ɗauko sawun. Allah ya sa ta fara gwadawa da nata sawun, tana ɗagawa yashin ya wargaje. Mai ginin tukwane ta ba ta yumɓu, ta danna a hankali, siffar ta fito, ta kai gida. Da ta zauna ta dube shi sai ta ga ƙafa ce dai, amma ba wanda ya taka ta. Sai ta koma tsibirin ta zauna gefen sawun. Ruwa ya zo ya lashe dunduniya, sannan ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya.

A nan Kaka takan koma tonon dankali.

"Sai mi, Kaka?"

"Sai ta ɗauki akushinta ta tahi gida, don ba a daka hatsin dare ba."

Isufu ya kan yi tsalle ya miƙe. "Wallahi wannan cuta ce! Ina dodo? Ina aljanar da za ta maido ta? Da ni ne katanga zan gina!"

"Kogi za ka yi ma katanga, maigida? To, Allah shi ba ka ƙarhi. Ƙurunƙus, kan ɓera ya ƙone, kowa shi nemi tabarmatai."

Akwai wani dare da ban manta ba. Mu a can ba "ƙanwarta" muke cewa ba, "ƙanwatta" muke cewa, a danne harshe. Ran nan Kaka na tsakar labari sai ta ce, "ta kihwa akushi bisa sawun ƙanwata." Isufu da kunnen zomo ya cafke. "Kaka ta yi kuskure! Ƙanwatta dai, ba ƙanwarki ba!" Ta ɗan dube shi, ta ce, "Haƙora ne babu, ɗan nema. In ka tsuhwa ka gani." Muka yi ta dariya, ni har da ƙwalla.

Kwanci tashi muka girma, Kaka ta riga mu gidan gaskiya. Aure ya kawo ni Gaya, na buɗe rumfar yadi a kasuwa. Isufu ya zama direban kamiyo, babbar motar kaya, yana ɗauko kaya daga Kotonu. Duk wanda ya san gadar kan iyakar Gaya da Malanbil ya san yadda direbobi ke kwana da kwanaki suna jiran takardun duwan, wato kwastan, kuma cikin wannan zaman ya koyi wani wasa a telehon. Ya zo rumfata ya fizge nawa telehon ya saka mini. Na ce, "Kai, ni da ƴaƴa da kasuwa, me zan yi da wasan yara?" Kafin wata ya zagayo ni ce mai tashinsa da saƙo.

Gari ne ake ginawa a ciki. Kowa da gidansa da lambunsa, da ɗan mutum-mutumin da ke tsaye a madadinsa. Kana iya shiga gidan maƙwabci ka ba shukarsa ruwa, ladanka ka tsinki abu ɗaya. Muka haɗa unguwa guda da mutanen Malanbil da Kamba da Doso, galibinsu ban taɓa ganin fuskarsu ba, amma na san ranar sunan ƴaƴansu. Kowa yana rubuta gaisuwar da mutum-mutuminsa zai yi wa baƙo. Mutanen kirki suka rubuta sannu da zuwa. Isufu kuwa ya sa wa nasa jar hula, ya rubuta: "Yaya Dije, satar tumatir aka zo ko? Na gan ki!" Ko wa ya shiga abin da zai gani ke nan, har unguwar duka ta koma kirana ɓarauniyar tumatir. Na yi faɗan duniya ya canza, ya ƙi.

Motarsa ta kife a hanyar dawowa, wata damina, Allah ya yi masa rasuwa. Telehon ɗinsa ya farfashe tare da shi, kuma ba wanda ya san kod ɗin da yake shiga wasan da shi.

Bayan sadakar arba'in, ina zaune a rumfa ba ciniki, hannuna ya kai ni wasan ban shirya ba. Na tura ƙofar gidansa. Mai jar hula ya juyo, ya ɗaga hannu: satar tumatir aka zo ko? Na gan ki! Na jefar da telehon cikin yadi, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Tun daga ranar, in na idar da sallar asuba na yi masa addu'a, sai in shiga in ba lambunsa ruwa, in tsinki tumatir ɗaya, ya zarge ni da sata, sannan in ɗora ruwan koko.

Maigidana ya taɓa ce mini, "Dije, wannan fa zane ne. Addu'a yake bukata."

Na ce, "Addu'a ina yi masa, Malam. Wannan gaisuwa ce."

Ya bar ni da abina, Allah ya saka masa.

Shekaru suka tafi, wasan ya tsufa. Matasa suka koma na harbe-harbe. Kasuwar cikinsa da a da ba wurin tsayawa, yanzu sai ka zaga ba ka haɗu da kowa ba. Gidajen maƙwabta ciyawa ta cinye, lambun Isufu kaɗai ke kore a layinmu. Farkon watan nan ina buɗewa sai ga sanarwa da Faransanci mai laushi: suna godiya da zaman tare, ƙarshen wata za su rufe.

Na yafa mayafi na nufi tasha, wurin mai gyaran telehon. Na ce ya ciro mini gidan nan ya adana, ko gidan kaɗai. Ya duba, ya girgiza kai. "Tanti, garin nan ba cikin telehonki yake ba. Yana cikin wata na'ura can wata ƙasa, ni ko sunan masu ita ban sani ba. In sun kashe, shi ke nan." Na rubuta wa masu wasan, na faɗa musu komai, har da jar hular. Amsa ta dawo kafin in ajiye telehon, wannan dai godiyar ce, ba a sauya ko kalma ba. Wai godiya! Mutum ko karantawa bai yi ba.

Mai gyaran ya tausaya mini, ya ɗaukar mini bidiyon shigata gidan. Na kalla sau ɗaya na bari. A bidiyon yana ɗaga hannu ne ko na zo ko ban zo ba. A cikin wasan sai na tura ƙofa yake juyowa. Wani dattijon unguwarmu na Kamba, cikin ƴan kaɗan da suka rage, ya turo mini saƙo: "Ɓarauniyar tumatir, sai haƙuri. Ni ma matata ce, Allah ya jiƙanta, ta dasa itacen ƙofar gidana."

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar nan haƙuri take koyarwa. Yanzu ban san me take koyarwa ba. Haƙurin ina yinsa, tunda ba ni da wani abin yi, amma bai rage mini komai ba. Ba sarkin ruwan da zan kai wa kuka, ba kuma katangar da zan gina. Ruwa na hawa ina kallo, kuma ina jin tsoron safiyar da zan idar da salla in rasa ƙofar da zan tura.

Shekaranjiya da magariba aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, muka fito tsakar gida kusa da murhu. Autata, mai sunan Kaka, ta ce in yi mata tatsuniya, kuma wadda ta zo bakina ke nan. Ta taɓa ji, ta san hanyarta. Na kawo ƴan matan, na kawo tsibirin, na kawo ƙwaryar da ruwa ya ja. Ina kallon garwashi na ce, "sai ta kifa akushi a kan sawun ƙanena."

"Mama, kin yi kuskure," in ji ta. "Ƙanwarta dai. Mace ce fa."

Sai a lokacin na gane abin da muka yi wa dariya a ƙofar ɗakin Kaka, da dalilin da ya sa ba ta kallonmu in tana ba da labarin. Na buɗe baki in ba yarinyar amsar da aka ba Isufu, na kasa, don ni haƙorana duk suna nan.