Sani Yana Kotonu, Ni Ban Sani Ba

Jama'a, yau na ji abin da ya fi mutuwar mijina Malam ciwo! Maƙwabciyata Asabe ke rubuta min, ni kuka nake.

Da hantsi direktan kwalejin da ɗana Sani ya yi ya shigo da ƙullin goro. Na ɗauka ta'aziyya ce. Sai ya ce, “Hajiya, ki sa baki Sani ya karɓi aikin koyar da yaranmu ƙwallo. Tun da ya yi suna a Turai shi suke jira.”

Na ce, “Sani yana Faransa. Ko jana'izar ubansa bai samu ba.”

Mutumin ya ce, “Hajiya, ai jiya yana filinmu. Kwanansa huɗu a otal, can unguwar Vedoko a nan Kotonu.”

Innalillahi! Kwana huɗu! Kuɗin zemijan, wato acaɓa, nawa ne zuwa nan Zongo?

Na zari mayafi zan fita, Asabe ta riƙe ni: “Inna, takaba kike!”

Na mayar wa direkta goronsa. Na ce, “Kai da kake ganinsa, ka roƙar min shi ya zo ya yi min gaisuwar ubansa.”