Taɓarya a Ajin Waƙa

Duk sanda matan maƙwabta suka fara daka, ni ba da kunne nake sani ba. Ƙasa ce take gaya mini ta tafin ƙafa. Jiya da hantsi na ji dukan nan yana hawowa ta dugadugaina, sai ga ni na koma ajinmu na lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, shekarar da ake ta zancen nasara zai tattara ya tafi.

Ina da shekara tara sanƙarau ya kwantar da ni a tsakiyar bazara. Na tashi, amma kunnuwana ba su tashi tare da ni ba. Maganata tana nan, na kuma koyi karanta bakin mutane, don haka aka maida ni lakwal. Lissafi bai gagare ni ba, waƙa ce ta zame mini ƙaya. Mushe, wato malaminmu, yakan kaɗa wata 'yar siririyar sanda a iska, yara su bi. In na kalli sandar, bakinsa ya kuɓuce mini. In na kalli bakin, sandar ta wuce. Ko in riga kowa, ko in iso bayan an gama. Ba na jin dariyarsu, amma ina ganin haƙora, kuma ku yarda da ni, ganin dariya ya fi jinta ciwo.

Da bikin ƙarshen shekara ya matso, wanda kumandan, nasaran da ke mulkin gari, zai halarta, diraktan lakwal ya leƙo ya saurare mu, ya ja mushe gefe. Bayan an tashi mushe ya durƙusa gabana don in ga bakinsa sosai. "'Yata, ranar biki ki tsaya baya, ki riƙa motsa baki kawai. Kada ki fid da murya." A ganinsa rufin asiri ya yi mini. Ni kuwa kuka na yi har gida, kukan haushi.

Kakata na tarar tana sussukar geron da aka kawo mana daga Gaffati. Da na gaya mata sai ta dube ni sheƙeƙe. "Motsa baki a banza? Ke akuya ce mai tuƙa?"

Tsohuwar nan ta daɗe da lura da abin da masu boko ba su gani ba. Mu uku muke lugude a turmi ɗaya, kuma tun da na kurumce taɓaryata ba ta taɓa karo da ta kowa ba. Washegari ta saɓa taɓarya a kafaɗa ta tasa ni gaba, ita da ba ta taɓa taka lakwal ba. Ta shiga aji ta ce, "Malam, ajiye tsinken nan. Ka daki ƙasa da wannan, yarinyar tana da ƙafa." Ta sa na tuɓe takalmi, ta kama hannuna ta ɗora a maƙogwaron yarinyar da ke kusa da ni, don in san inda murya ke hawa da inda take sauka.

Ina jinjina wa mushe, bai yi girman kai ba. Ya daki simintin, na ji shi har haƙarƙarina, na shiga waƙar daidai da kowa. Kullum haka muka riƙa yi, har ajin ya daina sauri da jan ƙafa.

Ranar biki hadari ya haɗo, iska tana ƙamshin ruwan farko. Aka jera mu a baranda. Dirakta ya ce kowa da takalminsa, kuma nan ba wurin daka ba ne da za a fito da taɓarya gaban manyan baƙi. Aka tura ni layin baya. Da mushe ya ɗaga 'yar sandarsa, sai na ratsa yara na fito gaba, na cire takalmana na ajiye a gabansa, na tsaya ina kallonsa. Na rantse a raina ba zan yi tuƙa ba. Ya dube ni, ya dubi dirakta, sannan ya soke sandar a hammata, ya shiga aji ya fito da taɓaryar kakata.

Na rera waƙar nan da iyakar ƙarfina. Ko ta yi daɗi, oho, ba ni da labari. Da aka dawo daga hutu ba mu tarar da mushe ba, an ce an aika shi wata 'yar lakwal can wajen Zarmu. Ban samu na yi masa godiya ba, kuma abin yana damuna har gobe.

Yanzu injin niƙa ya kusa kashe lugude, makarantu kuma sun cika da lasifika. Amma kwanan baya jikata ta ce mini akwai kurma a ajinsu, in lokacin waƙa ya yi sai a ba shi tsintsiya ya share fili. Taɓaryar tana nan bayan ƙyaurena, ta yi baƙi, bakinta ya cinye. Na ce mata gobe kada ta tafi ba ni, ita za ta ɗaukar mini don kafaɗata ta tsufa.