Goggon Kowa

A sashen masu taɓin hankali na asibitin, Goggon Kowa ake ce mata. Aikinta wanki ne, zannuwan gado da labule da rigunan majinyata. Shekara goma sha tara hannunta na cikin ruwan sabulu, har yatsunta sun yi fari. Ba miji, ba ɗa, amma a takardun asibitin ba wanda ya kai ta yawan dangi.

Dokar wurin ita ce ko likita ya ce ka warke, ba ka fita sai naka ya zo ya sa hannu. Dangi kuwa, Allah ya shirya su, ranar kawo mutum mota cike suke zuwa, ranar ɗauka sai wayar kowa ta mutu. Ita ma ta ɗanɗana. Tana budurwa ta yi wata biyar a gadon bakin taga, lafiyarta ƙalau, kafin yayanta ya danne kunya ya zo. Har yau ba ta yafe masa ba, kuma ba ta ɓoyewa.

Shi ya sa take sa hannu a madadin dangi. Ta zama goggon wani direba, ta zama innar wata mai kitso. Ita ke raka su, ita ke bibiyar shan maganinsu.

Da sabon shugaban sashen ya gano, sai ya kira ta ofis. A kan teburinsa akwai takardar wata malamar makaranta da ta warke sati bakwai, 'yan'uwanta sun yi ƙememe. Malamar na zaune a benci a waje, rungume da jakarta.

"Iya, kin ƙara sa hannu ɗaya, a bakin aikinki," in ji shi. "Wannan ƙarya ce."

Wankin nan shi ne cinta da shanta. Duk da haka ta goge hannu a zaninta, ta jawo takardar.

"Ranka ya daɗe, kira su. Ga waya nan, ina jira."

Bai taɓa wayar ba. Ya san amsar.

Ta sa hannu a hankali, bironsa na zamewa a yatsunta. Ya nuna mata gurbin dangantaka da ta bari fayau.

"To nan fa? Mece ce ke a wurinta?"

Ta ajiye biron, ta miƙe.

"Rubuta wadda ta zo."