Fuskar da Ban Samu Aro Ba

"Kaka, me ke hana ƙananan ƙabilu samun aiki da ƙarin girma?" Jikata ce jiya, riƙe da takardun bincikenta na jami'a. Na ce ajiye biro, ga binciken nan zaune a gabanki.

Ana saura 'yan shekaru Bature ya tafi, na taso daga Adogi zuwa Lafia neman aikin akawu a wani ofis. Kawuna ya ce sunanmu ba ya cin aiki, sai na zama Garba, na ari babbar riga da hula. A jarrabawa ni na zo na ɗaya.

Babban akawu ya daɗe yana kallon tsagar kumatuna.

"Malam Garba, riga ta yi kyau. Fuskar ce ba ka samu aro ba?"

"Ranka ya daɗe, da fuska ake rubutu?"

"Da ita ake zama a kujera."

Aka ba ni masinja, kai, an karrama ni! Wanda ya zo na huɗu aka ba kujerar akawu; shekara tara ina rubuta masa wasiƙu, sannan in hau keke in kai.

Jikata ta ce yanzu an ci gaba, takardar shaidar asali kawai ake tambaya. Madalla, tsaga ta koma takarda.

Ku fa, a wane ofis aka duba taku?