Alkamar Muntari da Ruwan Baba

Muntari na Birnin Tudu mutum ne mai gardama, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Ko ce masa ka yi an yi sanyi, sai ya ce bai kai na bara ba.

Shekarar da ruwan madatsar Bakolori ya fara isowa gonakinsu, ya shuka alkama ya zuba mata takin zamani buhu biyu. Mutanen da suka tashi suna roƙon ruwan sama ba sa ƙoshi in sun same shi a gindin gona. Kowa sai ya buɗe har gona ta zama tafki, Muntari ma haka. Bayan wata guda alkamar ta yi ɗorawa. Ita ce abincin gidansa na rani, kuma buhun taki ɗaya ya rage masa.

Malamin gona ya ce ruwa ne ya yi ƙasa da takin, inda saiwa ba ta kaiwa. Muntari ya ce ƙasa ba rariya ba ce.

Don ya ƙaryata shi, ya je marina a Talata Mafara ya roƙo tsohon ruwan baba. Ya sami busasshen wuri a gefen gona, ya zuba ƙwarya ɗaya nan, ɗaya can. Na farko ya bi shi da ruwa tulu ɗaya, na biyu tulu biyar. Taubashinsa Jafaru ya tsaya kallo.

"Yau kuma ƙasa kake rinawa? Wa zai sa ta?"

"Kai za a ɗinka wa, ka samu na Sallah."

Washegari ya haƙa. A ramin farko shuɗin ya tsaya a taƙi ɗaya, daidai saiwa. A na biyu sai da ya zura hannu har kafaɗa. Kuma ba a miƙe ya sauka ba, tsagar laka da ramukan gara ya bi.

"Malamin ya yi gaskiya ke nan?" in ji Jafaru.

"Ai bai faɗi zancen gara ba."

Ya zuba buhun ƙarshe, ya koma ba gonar ruwa kaɗan-kaɗan. Alkamar ta farfaɗo. Ba ta cika rumbu ba, amma ta kai su damina.

Shekara ashirin ya ƙara yana noman rani, kuma kowace kaka yakan tara maƙwabtan gonarsa.

"Don Allah, wanda zai yi tafki ya yi abinsa, amma ya ɗaga kunyar gonarsa. Kada ruwansa ya malalo ya sauke min taki."